Da wa nake magana? Na'urorin da ke ɗaga wayar kamfanoni da nauyin da doka ta ɗora wa masu su

A ranar 8 ga Mayu, 2018, shugaban kamfanin Google, Sundar Pichai, ya tsaya a gaban dubban masu rubuta manhaja a garin Mountain View na jihar Kalifoniya, ya kunna musu wata hirar waya da aka naɗa. Muryar mace ce ta kira wani shagon gyaran gashi tana neman a ware wa wata mata lokaci ranar Talata. Matar da ta ɗaga wayar ta ce a ɗan jira ta duba littafinta. Sai mai kiran ta yi irin guntun gunajin nan da mutum kan yi don nuna yana saurare. Nan take wurin ya kaure da dariya da tafi, domin mahalarta sun san babu wata mace a wancan ɓangaren. Manhaja ce mai suna Duplex take magana. Wadda kawai ba ta san abin da ake ciki ba ita ce matar shagon, wadda ta kammala hirar tana zaton da 'yar'uwarta ta yi magana.

Tafin bai daɗe ba. Cikin 'yan kwanaki suka ya yi yawa har kamfanin ya fito ya ce manhajar za ta riƙa gabatar da kanta a farkon kira. Daga baya aka ƙara mata da sanar da cewa ana naɗar hirar.

Yau lamarin ya juye. Na'urar ta tashi daga kujerar mai kira ta koma ta mai ɗagawa. Otal-otal, asibitoci masu zaman kansu, kamfanonin inshora, dillalan gidaje da ofisoshin lauyoyi a ƙasashe da dama sun fara ɗora muryar ƙirƙirarriyar basira a kan layukansu, ta amsa kira dare da rana, ta ware lokaci, ta faɗi farashi, ta karɓi ƙorafi. Wannan ba irin muryar da muka saba da ita ba ce a layukan kamfanonin sadarwa, mai cewa a danna ɗaya domin Turanci, a danna wata lamba domin Hausa. Waccan ba ta taɓa ruɗin kowa ba. Sabuwar takan saurara, ta ba da amsa daidai da tambayar, ta yi shiru idan an katse ta, ta ma ba da haƙuri.

A nan ne abin ya fi taɓa mu. Bahaushe ba ya buɗe magana da buƙatarsa. Sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya da iyali, kafin ya ce ga abin da ya kawo shi, kuma amsar da ya samu ita ce ma'aunin da zai auna wanda ke gabansa. Muryar da ta ce masa "lafiya lau, ya naka iyalin" ta karɓi wata amana da ba ita aka nufa da ita ba. Dattijon da ya kira don bin kadin kuɗinsa zai faɗa wa irin wannan murya abin da ba zai taɓa rubutawa a takarda ba: ciwon da ke damunsa, bashin da ake bin sa, sunan ɗan da ke riƙe masa katin banki.

Inda muryar ke bi

Kafin a zo ga doka, yana da kyau a san hanyar da maganar mai kira ke bi, domin yawancin matsalolin shari'a a kan hanyar suke. A tsarin da ya fi yawa, matakai uku ne. Wata manhaja ta mayar da murya rubutu. Wata ta karanta rubutun ta tsara amsa. Ta uku ta mayar da amsar murya. Duk wannan yana faruwa a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa kowane mataki na hannun kamfani daban ne, ban da kamfanin da ke riƙe da layin wayar da kuma wanda ya harhaɗa su ya sayar wa ɗan kasuwa. Manyan kwamfutocin da ke wannan aiki galibi a Amurka ko Turai suke. Ke nan mutumin da ya kira wani otal a Wuse daga ofishinsa a Garki, muryarsa na iya ƙetare teku ta dawo kafin ya ji amsa, kuma ta bar sawu a rumbun kamfanoni uku ko huɗu da bai taɓa jin sunansu ba.

Amurka: kowace jiha da tata

Amurka ba ta da doka guda ta tarayya da ta ce dole na'urar da ta ɗaga waya ta bayyana kanta. Abin da take da shi shi ne dokar kare masu amfani da tarho ta 1991, wadda aka yi domin kiran talla. A Janairun 2024, kwana biyu kafin zaɓen fid da gwani a jihar New Hampshire, aka riƙa kiran masu zaɓe da muryar bogi ta Shugaba Joe Biden ana ce musu su adana ƙuri'arsu sai Nuwamba. Ranar 8 ga Fabrairu hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta yanke cewa muryar da ƙirƙirarriyar basira ta samar tana cikin muryoyin da dokar 1991 ta taƙaita, kuma daga baya ta ci wanda ya shirya kiran tarar dala miliyan 6. Sai dai wannan hukunci ya shafi kiran da kamfani ya yi ne zuwa ga mutum. Idan mutum ne da kansa ya kira, dokar ba ta da ta cewa sosai. Amma da zarar na'urar ta ce za ta sake kiransa, ta kuma kira, ta shiga hurumin dokar, inda diyya ke farawa daga dala 500 a kan kowane kira, ta kai 1,500 idan da gangan ne.

Jihohi ne suka shiga cike giɓin. Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a Yulin 2019, mai hana amfani da manhaja a ɓoye don jan mutum ya sayi kaya ko ya sauya ƙuri'arsa, amma an rubuta ta ne da shafukan intanet a zuciya. Jihar Utah ce ta fi kusa da batun waya. Dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Mayu, 2024 ta ce idan mutum ya tambaya ko da na'ura yake magana, dole a faɗa masa gaskiya. Masu sana'o'in da sai da lasisi ake yin su, kamar likitoci, ba za su jira a tambaye su ba, a farkon magana za su faɗa. A 2025 majalisar jihar ta rage faɗin wannan sharaɗi na biyu, ta taƙaita shi ga hulɗa mai haɗari, irin wadda ta ƙunshi bayanan lafiya ko na kuɗi. Abin da ya fi jan hankalina a dokar shi ne wani gajeren tanadi da ya ce kamfani ba zai kare kansa da cewa na'ura ce ta yi maganar ba.

Inda kuɗi ya fi zuba a kotunan Amurka kuwa ba a kan tambayar mutum ko na'ura ba ne, a kan naɗar murya ne. Dokar tarayya ta wadatu da yardar ɓangare ɗaya, amma wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya, sun ce sai kowa ya yarda, kuma dokar Kalifoniya ta 1967 ta tanadi diyyar dala 5,000 a kan kowane keta. Da wannan tsohuwar doka wasu mutane suka kai Google ƙara, suna cewa sun kira layukan kula da abokan ciniki na wasu kamfanoni, ashe manhajar Google na saurare tana rubutawa ba tare da an sanar da su ba. A Fabrairun 2025 wata kotun tarayya a San Francisco ta ƙi korar ƙarar. Ba ta ce an aikata laifi ba. Ta ce dai idan mai manhajar yana da ikon yin amfani da hirar don amfanin kansa, to ana iya ɗaukarsa a matsayin kunne na uku a kan layi, ba kayan aiki kawai ba. Jihar Illinois kuma tun 2008 ta sa tambarin murya, wato siffofin da ke bambanta muryar mutum da ta kowa, cikin bayanan jiki da ba a ɗauka sai da rubutacciyar yarda.

Turai ta bi hanya mafi sauƙin fahimta. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta zama doka ranar 1 ga Agusta, 2024, ta ce a sashe na 50 duk manhajar da aka ƙera don hulɗa kai tsaye da mutane dole a tsara ta yadda mutum zai san da na'ura yake hulɗa, sai fa idan abin a fili yake ga mai hankali. An sa 2 ga Agusta, 2026 a matsayin ranar fara aiki da wannan sashe, kuma tarar saɓa masa na iya kaiwa yuro miliyan 15 ko kashi 3 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Sashen ya kuma ce idan ana amfani da manhaja don gano halin da zuciyar mutum ke ciki, kamar fushi ko damuwa, dole a sanar da shi.

Alkawarin na'ura, bashin mai ita

Shari'ar da aka fi ambata a wannan fanni ba ta waya ba ce, kuma kuɗin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Wani mutum a Kanada da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira da ke shafin kamfanin jiragen Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza. Manhajar ta ce ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya. Ƙa'idar kamfanin ba haka take ba, don haka aka hana shi. Da magana ta je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya kafa hujja da cewa ba shi ke da alhakin abin da manhajar ta faɗa ba, kamar dai wata halitta ce mai cin gashin kanta. A Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta umarci kamfanin ya biya kimanin dalar Kanada 812.

Darasin ya fi nauyi idan murya ce. Rubutu ana iya komawa a duba shi, a kwatanta da wani shafi. Wanda aka faɗa wa magana a kunne, da murya mai cike da tabbaci, ajiye waya zai yi ya kama hanya. Kuma waɗannan manhajoji suna da halin ƙirƙiro amsa idan ba su da ita, su faɗe ta da natsuwar da suke faɗar gaskiya.

A gida Najeriya

Dokokin Najeriya da suka taɓa wannan batu ba a rubuta su da na'ura mai magana a zuciya ba, amma kuskure ne ɗan kasuwa ko shugaban hukuma ya ɗauka filin a buɗe yake. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci hirar tarho da sunanta cikin abubuwan da aka tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsu. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudara ko ɓatar da mai saye a harkar ciniki. Na'urar da aka raɗa wa sunan mace, aka koya mata ta ce ita ma'aikaciya ce idan an tambaye ta, da wuya ta tsallake wannan.

Babbar igiyar dai ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kuma kafa hukumar NDPC. Murya da abin da aka faɗa da ita bayanan mutum ne. Sashe na 27 ya wajabta wa mai karɓar bayanai ya sanar da mai su, kafin ya karɓa, ko shi wane ne, dalilin karɓa, waɗanda za a miƙa wa, tsawon lokacin da za a ajiye, da kuma ko na'ura ce za ta yanke wani hukunci da su. Sashe na 26 ya ce shiru ba yarda ba ne, kuma nauyin tabbatar da cewa an yarda yana kan mai karɓa. Wannan ya sa jumlar nan da ake rattabawa da sauri, cewa ci gaba da sauraro na nufin amincewa, ba ta da ƙarfin da masu ita ke zato, ga wanda ya dogara da yarda a matsayin hujjarsa. Dokar ta lissafa gane mutum ta murya cikin bayanan jiki, waɗanda suke cikin rukuni mai tsananin kariya tare da bayanan lafiya. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke idan zai yi masa babban tasiri, da haƙƙin neman mutum ya sa baki. Sassa na 41 zuwa 43 kuma sun gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanai daga ƙasar, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa duk lokacin da murya ta ƙetare teku neman amsa.

Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Hukumar ta nuna ba ado ba ne: a Yulin 2025 ta sanar da cin kamfanin Multichoice tarar sama da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba na cikin dalilan da ta bayar.

Akwai wani tanadi a sashe na 27 da ba a cika kula da shi ba, alhali a ganina shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Ya ce bayanin da za a yi wa mutum ya kasance a sarari, mai sauƙin fahimta, tare da la'akari da irin mutanen da abin ya shafa. A Satumban 2025 Ma'aikatar Sadarwa a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe mai fahimtar Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin Najeriya. Ke nan na'urar da za ta ɗaga waya da Hausa ba labarin gobe mai nisa ba ne. Abin da nake tsoro, a matsayina na wanda aikinsa ke nan gyaran rubutun wasu, shi ne a yi hirar da Hausa amma a bar sanarwar da Turancin lauyoyi, ko a fassara ta kalma da kalma ta fito da abin da ba Bahaushen da zai gane. An sanar a takarda, ba a sanar a kunne ba. Kalmar "mataimakiya" ma ba ta wadatar ba, domin duk ofis akwai mataimakiya mai jini a jika. Sai an ce na'ura, ko kwamfuta, a kuma ce ba mutum ba ce.

Teburin da takardar za ta sauka

Dokar 2023 ba ta tsaya kan 'yan kasuwa ba, ta haɗa da ma'aikatu da hukumomin gwamnati, in ban da wasu keɓantattun ayyuka irin na tsaron ƙasa da binciken laifi. Duk hukumar da ke da layin karɓar ƙorafi, ta fansho ce ko ta haraji ko ta inshorar lafiya, ko ba jima ko ba daɗe wani ɗan kwangila zai shigo da takarda yana cewa na'urarsa ba ta barci, ba ta zuwa hutu, ba ta ɗaga wa kowa murya. Wani ɓangare na maganarsa gaskiya ne. Wanda ya taɓa kiran layin hukuma sau goma ba a ɗaga ba ya san cewa na'urar da ta amsa ta fi wayar da ke ta ƙara a ofis babu kowa.

Amma jami'in da zai rubuta shawara a kan fayil ɗin ya sani cewa a idon doka hukumarsa ce mai riƙe da bayanan, ɗan kwangila mai sarrafawa ne a madadinta. Sashe na 29 ya buƙaci rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu, sashe na 28 ya buƙaci a auna haɗari kafin a fara aikin da ke iya cutar da masu bayanai, sashe na 40 kuma ya ba da sa'o'i 72 a sanar da NDPC idan bayanai suka zube. Tambayoyin da ya kamata su fito a fayil ɗin ba sa buƙatar ilimin kwamfuta. A wace ƙasa ake ajiye muryoyin, kuma har yaushe? Kamfanoni nawa ne a bayan wanda ya sa hannu? An yarda su horar da manhajojinsu da muryoyin 'yan fansho? Idan mai kira ya ce a haɗa shi da mutum, akwai mutumin, ko kuwa za a mayar da shi farkon layi? Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi yi wa ha'inci, domin dalilin sayen na'urar tun farko shi ne a rage masu zama a kan waya.

Hadimai kuma su dubi abin ta ɗaya gefen. Wanda ya kira otal ko kamfanin tafiye-tafiye don shirya wa maigidansa masauki yakan faɗi suna, ranar isowa, yawan 'yan rakiya, wani lokaci har da lambar jirgi. A da wannan yana tsayawa ne a kunnen ma'aikaci ɗaya da littafinsa. Yanzu yana iya zama rubutu mai kwanan wata da za a iya bincikowa da suna. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu, don haka naɗin na iya zama hujja ga mai kira idan na'ura ta yi masa alkawari, ya kuma iya zama hujja a kansa.

Sanarwar da ake ta wannan doguwar magana a kanta ba ta da tsawo. Ga yadda za ta iya kasancewa: "Barka da war haka. Kana magana ne da na'ura, ba mutum ba. Ana naɗar wannan hira domin biyan buƙatarka, kuma wani kamfani ne ke sarrafa mana ita. Idan ba ka amince ba, ko kana son magana da ma'aikaci, ka faɗa yanzu a haɗa ku." Na karanta ta a bayyane ina duban agogo, ba ta kai daƙiƙa 20 ba. Masu tallar waɗannan manhajoji ba sa son ta ne saboda wasu masu kira kan ajiye waya da zarar sun ji kalmar na'ura.

Wanda ya kira wani layi ya ji muryar ta yi santsi fiye da kima yana iya tambaya kai tsaye ko mutum ne. Sashe na 34 na dokar ya ba shi damar rubuta wa kamfanin ko hukumar yana neman a faɗa masa abin da aka ajiye game da shi, a ba shi kwafi, a gyara kuskure, ko a goge idan babu sauran dalilin riƙewa. Idan aka yi biris da shi, sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙorafi ga NDPC, wadda hedikwatarta ke nan Abuja.